Zoben Zuhalu da Idon Saja

Shekarar da matata ta rasu na gane cewa yamma ta fi kowane lokaci tsawo. Da safe akwai abin yi: in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in leƙa 'yar gonar da ke bayan katanga. Da rana zafi kan kwantar da mutum ko bai so ba. Amma da zarar rana ta faɗa bayan duwatsun Zuru, maƙwabta suka shige gidajensu, na fara jiyo ƙarar tukwane da kukan yara ta kan katanga, sai in rasa inda zan sa kaina. 'Ya'yana duk sun watse, maza biyu suna Kudu, macen tana aure a Abuja. Suna bugo waya, ba su gaza ba. Sai dai in an kashe wayar, gidan ya fi yin shiru fiye da kafin a kira.

Aikin awon ƙasa na yi wa gwamnati har na ajiye. Rabin rayuwata na yi shi a duƙe bayan na'ura mai ƙafa uku, ido ɗaya a rufe, ina kallon sandar da wani ya riƙe can nesa cikin ciyawa. Shi ya sa da na je Kaduna bikin ɗan ƙanena, na ga wani farin bututu mai ƙafa uku a jingine a rumfar mai gwanjo, tsakanin dutsen guga da tsofaffin fankoki, sai na tsaya. Madubin hangen nesa ne, irin na kallon taurari. An ɗaure ƙafarsa ɗaya da waya, amma gilashin lafiya lau yake. Mai rumfar ya ce ya daɗe a wurinsa, kowa sai ya leƙa ya wuce. Na naɗe shi a zanen gado, na ɗora a cinyata tun daga tasha har Zuru, matar da ke kusa da ni a mota tana ta ture shi da gwiwar hannu.

Wata na fara dubawa. Bayan magariba ne, an ɗauke wuta, unguwa ta yi duhu, watan bai kai rabi ba. Na kafa madubin a bayan gida, inda katanga ta rushe ta bar fili ana hango dutse. Na daɗe ina murɗa ƙaramin kan da ke daidaita gani, sai farin dishi-dishin ya tattaru wuri ɗaya. Ramuka na gani, manya da ƙanana, wasu cikin wasu, kamar inda kaji suka yi birgima a ƙasa, kowane rami da inuwarsa. Na ɗago na juya wajen madafa, bakina a buɗe, har na ja numfashin da zan kira matata da shi. Na mayar da idona kan madubin.

A hankali na koyi sararin sama kamar yadda mutum ke koyon sabuwar unguwa. 'Yata ta sa mini wata manhaja a waya mai nuna sunan abin da ke sama, wani malami maƙwabcina kuma ya ba ni sunayen da ke littattafansu. Babban tauraron nan mai haske wanda ba ya ƙyaftawa, shi ne Mushtari. A madubi ƙwallo ne mai zane biyu a ciki, da 'yan watanninsa huɗu a jere kamar 'yan tsaki, yau uku a dama ɗaya a hagu, gobe sun sake wuri. Ɗan rawayan nan kuma da ba wanda zai kalla sau biyu, shi ne Zuhalu. Ranar da na fara kama shi, sai da na goge gilashin da bakin rigata, don na zaci wani abu ne ya maƙale. Ɗan ƙwallo ne zaune a tsakiyar zobe, tsaf, ƙarami kamar ƙwayar gero, amma komai nasa a fili.

Na kira mutane. Malamin ya zo, ya duba, ya yi tasbihi, ya yi godiya, bai sake zuwa ba. Wasu dattawan cocinmu sun zo wata Lahadi da yamma, kowa ya duƙa kaɗan ya ce, "To, mun gani," suka koma zancen takin zamani. Ban ga laifinsu ba. Abin yana son mutum ya zauna, ya yi shiru, ya jira iska ta lafa, kuma masu iyali ba su da wannan lokacin. 'Yata kuwa, duk sanda na fara ba ta labari sai ta ce, "Baba, don Allah ka riƙa sa doguwar riga, sauro zai kayar da kai."

Haka na yi kaka biyu ni kaɗai. Damina ba a ganin komai sai gajimare, don haka nakan jira ruwa ya ɗauke, a fara yankan dawa, sannan sama ta buɗe.

A kaka ta uku ne 'yan sa-kai suka zo. Lokacin hankalin mutane ba a kwance yake ba, kowa na sa ido kan abin da ke shiga gari da abin da ke fita. Ina cikin kafa madubin, ko duhu bai gama yi ba, sai na ji sallama a bayana. Su uku ne, babbansu bai wuce sa'ar ɗana na fari ba.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi. "An ce muna kana da wani ƙarfe da kake saitawa wajen dutse kullum da dare. Mun zo mu gani."

Na ce ga shi nan, su duba. Ya zagaya shi bai taɓa ba. Na ce ya sa ido, ya ƙi. Ya ce shi ba ya musu da ni, amma gara su tafi da shi ofishinsu har manya su gani. Muna cikin haka sai na ji wata murya da na sani daga bakin zaure tana tambaya ko masu gidan sun mutu ne da ba a amsa sallama.

Saja ne. Ƙauyenmu ɗaya, Manga, kuma tare muka yi golmo, noman nan da samarinmu ke yi wa surukai kafin a ba su mata. Daga nan ni na tafi makaranta, shi ya shiga soja, ya yi yawon duniya, ya dawo ƙauye da muƙamin saja da gwiwa mai ciwo. Tun daga lokacin ba wanda ya ƙara kiran sunansa na yanka. Shi kuma Safiyo yake ce mini, saboda aikina na awon ƙasa. Ranar kasuwa yakan zo Zuru a kan kabu-kabu, wani lokaci ya biyo ta wurina, amma tun bayan jana'izar matata bai zauna ya daɗe ba. Ran nan dare ne ya kama shi, ya ce bari ya kwana.

Ya tsaya ya ji abin da ake ciki. Sai ya miƙa hannu ya shafa bututun tun daga baki har gindi, ya ƙwanƙwasa shi da farce.

"Yaro," ya ce wa babban, "shekarun da na yi ina ɗaukar bindiga sun fi naka a duniya. Wannan gwangwani ne. Ko gyaɗa ka zuba ba za ta fita ba. Mutumin nan matarsa ta mutu, yana kallon sama. Ku bar shi."

Suka ba da haƙuri suka tafi. Ban ji daɗin yadda ya faɗi abin ba a gaban yara. Na dafa mana shinkafa da wake, muka ci a waje. Da muka gama na ce tunda ya ceci gwangwanin, ya zo ya ga abin da ke ciki.

Na saita masa Zuhalu. A shekarar zoben ya riga ya tsuke, bai kai faɗin da na fara ganinsa da shi ba, amma yana nan sarai. Saja ya duƙa, ya dafa gwiwa, ya manna ido.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Da zoben?"

"Da zoben. Kai, Safiyo, ashe da gaske kake."

Abin da na ji a lokacin ba zan ɓoye ba. Na zauna a benci na shiga zuba kamar an kwance bakin buhu: nisan abin, yadda zoben ba dunƙule yake ba, tarin ƙanƙara ne da duwatsu, yadda kowace shekara yake ƙara juya mana gefensa. Shi kuwa yana duƙe yana ta cewa, "Haka ne. Ga shi nan kuwa." Na daɗe ina magana. Sai can wani abu ya faɗo mini. Ƙasa tana juyawa, don haka duk abin da ka saita a madubin nan yakan sulale ya fice cikin ɗan lokaci, sai ka riƙa bin sa da hannu. Saja bai taɓa komai ba.

Na ce ya ɗan matsa in gyara. Na duba. Babu komai a ciki sai baƙin sarari. Zuhalu ya daɗe da fita.

Muka shiga muka kwanta. Da safe ina lura da shi. Na ga yadda ya laluba kafin ya kama kofin shayi, yadda ya karkata kai gefe kafin ya gane akuyar da ke gabansa. Da ya fito hasken rana na dubi idanunsa da kyau, na ga farin abu kwance a tsakiyar baƙin, na hagu ya fi yawa.

"Tun yaushe?" na tambaye shi.

Ya gane. Ya juya kofin a hannunsa.

"Shekara biyu ke nan yana ƙaruwa. Da rana ina ganin mutum, in ya yi magana in san ko wane ne. Da dare kam sai dai Allah."

"Shi ya sa ba ka zama ka daɗe."

"In yarana suka sani za su zo su kwashe ni. Ni ba zan je in zauna a bene ina jiran a kawo mini ruwan wanka ba." Ya ɗan yi dariya. "Jiya na ga kana murna. Na ce bari in bar ka."

Yanar ido ce, kuma na san ana cire ta. Shi ma ya sani. Tsoro yake ji. Mutumin da aka harba a cinya ya ɗaure da ɗankwali ya ci gaba da tafiya, ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido yana kallo. Muka yi ta jayayya har sanyi ya wuce. Mu biyu in za mu yi faɗa, da yarenmu na C'lela muke yi, in za mu shirya mu koma Hausa, kuma a watannin nan C'lela ta sha aiki. Amma ya fara zuwa duk ranar kasuwa yana kwana. Nakan kafa madubin, in duba, in faɗa masa abin da na gani, shi kuma yana kishingiɗe a tabarma yana gardama. Ya ce yaya za a yi duniya ta yi wata huɗu, mutanenta ba za su taɓa yin barci ba. Na ce ba kowa a can. Ya ce wa ya je ya dubo.

Da bazara aka ce likitocin ido sun zo babban asibiti za su yi kwanaki. Ban tambaye shi ba. Na hau kabu-kabu na je Manga da sassafe, na tarar da shi yana gyaran rumbu da lalube, na ce ya sa riga. Ya zage ni tas, ya sa rigar. A layi ya riƙe hannuna kamar zai karya, yana ta ba wani tsoho labarin yaƙi da babbar murya. Ido ɗaya suka yi masa, na hagu, suka ce ɗayan sai wani zuwan. A gidana ya yi jinya, ni nake ɗiga masa magani. Ranar da aka cire bandejin, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Safiyo, yaushe ka tsufa haka?"

A ranar ya so in nuna masa zoben. Na ce babu hali, Zuhalu yana kusa da rana a wannan lokacin, tare suke fitowa tare suke faɗuwa. Sai mu jira. Kafin ya rabu da rana ruwa ya sauka, sama ta rufe. Saja ya koma Manga ya yi noman da ya fi na kowace shekara, yana cewa yanzu yana bambance dawa da ciyawa. Zuwansa ya ragu. Na yi wannan damina kusan ni kaɗai, ina jin ruwa a kan kwano, madubin yana ƙarƙashin gado.

Da ruwa ya ɗauke, yammar farko da sama ta washe na fito da shi. Na sami Zuhalu, na duba. Na san zai tsuke, na karanta, amma ban zaci zai kai haka ba. Zoben ya juya mana gefensa gaba ɗaya. Abin da ya rage ɗan siririn layi ne a tsakiyar ƙwallon, sai iska ta tsaya cak kake ganinsa. Zai sake buɗewa, amma a hankali, cikin shekaru.

Saja ya zo ranar kasuwa da sabuwar hula. Na yi masa bayani tun kafin ya duƙa, kamar mai ba da haƙuri. Ya ture ni, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya manna na hagu. Wannan karon bai ce komai ba. Na ga hannunsa ya tashi yana neman kan da ake murɗawa, na kama yatsunsa na ɗora a kai, na nuna masa yadda zai bi shi.

"Yana gudu," ya ce.

"Mu ne muke juyawa."

Ya bi shi, ya ɓace masa, na sake kamo masa, ya sake bi. Sauro na cizonsa a wuya bai kore ba. Da ya miƙe sai da na taimaka masa saboda gwiwar.

"Ƙwallon fura ne aka soke da tsinke," ya ce. "Wannan ne ka hana ni sakat a kansa shekara guda?"

"Da ya fi haka. Da ka gan shi shekara uku da suka wuce."

"To, ni wannan na samu." Ya share idon da bayan hannu, abin da likita ya hana shi yi. "Yana da kyau. Sake kamo mini shi."

Wannan kaka ita ce mafi daɗi da na yi tun da na zama ni kaɗai. Wajen Kirsimeti Mushtari ya fara fitowa da wuri ta gabas, Saja ya ga watannin da idonsa, ya ƙirga uku ya ce ƙarya na yi masa. Na ce na huɗun yana bayan uwar. Mako na gaba ya same su huɗu, ya ce to, ya dawo daga unguwa. Har ya iya kafa ƙafafun da kansa, yana mita kan wayar da aka ɗaure ɗayar da ita, ya ce aikin farar hula ne.

Abin da yake gudu kuma ta hanyar aikin idon ya zo. Babban ɗansa da ke Kaduna ya zo hutun Kirsimeti, ya ji labarin cewa ubansa ya yi shekara biyu yana lalube ba wanda ya sani, har aka yi masa aiki ba a gaya wa kowa ba. Yaron ya zo gidana da kansa. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya yi godiya sosai, sannan ya ce, "Baba, ka duba mana. In da wani abu ya same shi fa? Ga ɗayan idon ba a yi ba, ga yadda gari yake." Gaskiya ya faɗa. Da nawa 'ya'yan ne, abin da za su yi ke nan.

Bayan sabuwar shekara suka tafi. Motar ta biyo ta ƙofar gidana da hantsi. Saja yana gaba, an ɗaura masa bel, jakarsa ta soja a kan cinya. Bai fito ba, ya ce in ya fito gwiwar ba za ta yarda ya koma ba. Na miƙa hannu ta taga.

"In an yi ɗayan zan dawo," ya ce.

"To."

"Wata biyu, ko uku."

"Allah ya kai ku lafiya."

An yi masa ɗayan idon, ya yi kyau. Da farko yana bugowa duk mako. Ya ce a bene suke, fitilun tsaro sun kewaye gidan, in ya fita baranda taurarin da yake gani ba su cika hannu ba. Ya ce jikokinsa ba sa jin C'lela, Hausarsu ma rabi Turanci ce. Daga baya kiran ya koma sai an kwana biyu. Na ci gaba da fita bayan gida da yamma. Wani lokaci in duba, wani lokaci in kafa madubin kawai in zauna kusa da shi har sauro ya kore ni.

Da hadari ya fara haɗuwa ya bugo da rana tsaka, abin da bai saba ba. Bai yi zancen dawowa ba, ni ma ban yi ba. Ya tambaya ko an yi ruwa. Na ce an yi yayyafi sau ɗaya, da iska mai ƙarfi. Ya ce akwai kwano guda a kusurwar ɗakinsa da ƙusa ta saki, in taimaka in je in duba kafin ruwa ya sauka sosai.

Washegari na je Manga. Matar ƙanensa ta ba ni makulli, ta ce ba wanda ya shiga tun tafiyarsa. Kwanon ya ɗage kamar yadda ya ce. Na ari tsani, mai kabu-kabun ya riƙe mini, na hau da guduma, na buga ƙusa uku, na ɗora dutse a kai don ƙarin nauyi. Na buɗe ɗakin iska ta shiga. Gara ta fara cin ƙafar gadon, na ja shi daga jikin bango, na kakkaɓe tabarmar na rataye ta. A rumbu dawar da ya noma tana nan ba a taɓa ba. Na zauna a dakalin ƙofar na ɗan jima, ina jin mata suna daka a gidan da ke gaba, har mai kabu-kabun ya ce hadari na tasowa ta gabas, in ba mu tashi ba zai same mu a hanya. Na kulle ɗakin, na mayar da makullin, matar ta ƙulla mini gyaɗa a leda. Muna shiga Zuru ruwan ya sauko.